Birkin Baibai

Duk wanda ya saba hawa dutsen Fromme da keke ya san ƙarar gudumar Lorne Kowalchuk. Ana ruwa ko ba a yi, in ka ji ƙwal-ƙwal daga can cikin kurmi, shi ne, ba sai ka leƙa ba. Dogo ne siriri, ya ba sittin baya, gemunsa fari fat, kullum da ɓurɓushin itace a ciki. Mutum ne da Allah bai yi wa zama ba. A tsaye yake shan kofi. In kana yi masa magana sai ya yi ta zagaya ka yana shure tsakuwa daga kan turba, har ka rasa ta inda za ka fuskance shi. Matarsa Marnie ta ce ko ranar aurensu, fadan coci bai kai ƙarshen addu'a ba ango ya fara kallon ƙofa.

Ba ɗan nan ba ne asali. A Saskatchewan aka haife shi, gidan manoman alkama, inda ƙasa take a miƙe sambal, ba ko ɗan tudun da za ka ɓuya a bayansa. Gashin baki na fara fito masa ya tattara 'yan komatsansa ya yo yamma, bai tsaya ba sai da teku ta tare shi. Ya sami aiki a jirgin fito, shi ne ɗaure igiya, shi ne jera motoci, daga Horseshoe Bay zuwa tsibiri, daga tsibiri a dawo, har kansa ya yi fari. Aikin ya karɓe shi, don ko ya tsaya cik, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa tafiya yake yi. A jirgin ya haɗu da Marnie tana sayar da abinci a kanti. Ita dai har gobe cewa take yi ba sonta ne ya sa ya yi ta zuwa ba, kantin ne ya faɗo a kan hanyar zagayensa.

Keke kuwa ya same shi tun zamanin da ba kowa a dutsen sai 'yan tsirarun mahaukata a kan kekuna masu tauri kamar ƙarfen gado, suna gangarowa kan saiwoyi suna zubar da haƙora. Ƙasar kurmin ruɓaɓɓiya ce, taɓo ne da gansakuka, taya na shiga ta nutse. Su Lorne suka fara faskara itacen sida, ƙaton icen kurmin, wanda ya faɗi don kansa, suna jera shi kamar tsani a kwance, suna yin gadoji a kan taɓon. Faskarawa ake yi, ba a sa zarto, don katakon zarto da ya sha ruwa sai ya koma sabulu. Daga gadar tsallake taɓo abin ya rikiɗe ya zama gasa. Wannan ya yi siririya, wancan ya ɗaga tasa ta wuce tsayin mutum, wani ya yi mai lilo. Aka fara kwasar mutane zuwa asibiti. A nan ne doka ta fito, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda bai san ta ba: wanda ya gina, shi zai fara hawa, a gaban jama'a, daga sama har ƙasa ba tare da ya sa ƙafa ba. In ya kasa, ya rushe abinsa da hannunsa. Ba Lorne ne ya ƙirƙiro ta ba, amma shi ya zama ɗan sandanta, ɗan sanda kuma marar imani.

"Kada ka gina wa ɗan wani abin da kai kake tsoro," in ji shi. Gaskiya ce, ba wanda ya musa. Yadda yake faɗinta ne ke sa mutum ya ji kamar ya kwaɗa masa shebur.

Mutum ɗaya ne ke iya masa, Tam Geddes, mai shagon gyaran keke a gindin dutsen, wani gajeren ɗan Scotland mai tumbi da surutu. Tare suka fara hawa, tare suka tsufa, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a zagi juna ba. Abin faɗansu bai wuce birki ba. A nan, kowa ya sani, birkin gaba a hannun hagu yake, na baya a dama. A ƙasar su Tam akasin haka ake ɗaurawa, shi kuma ya rantse ba zai sake ba ko za a mai da shi inda ya fito. Abin ba wasa ba ne. Birkin baya ka damƙe shi yadda ka ga dama, iyaka taya ta ja ƙasa. Na gaba shi ke riƙe keke a gangare, amma da lallashi ake taɓa shi, da ɗan yatsa. Ka kuskura ka cafke shi a firgice, sai dai ka ga ƙafafunka a sama. Duk wanda ya ari keken Tam bai sake marmari ba. Lorne ya raɗa masa suna Baibai, sunan ya bi shi har masu kawo gyara ba su san na gaskiyar ba.

Da Lorne ya ajiye aikin jirgi, kowa ya tausaya wa Marnie. Allah ya taimake ta, hukumar da ke kula da dajin ta ba shi izinin fitar da sabuwar turba ta gefen yamma, inda babu ko ɗaya. Ya toshe bakin turbar da rassa kamar yadda ake yi, ya shige ciki da diga da bokiti, aka daina ganinsa sai jin gudumarsa. Waɗanda suka taya shi ɗaukar duwatsu suka fito da labari. Wai akwai wani ƙaton sida da ya faɗi ya gitta kwari tun kafin a haifi kakan kowa, Lorne ya jera faskare a gadon bayansa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kana sauka daga kansa kuma sai wani falalen dutse a tsaye, wanda sai an bi shi a hankali da birkin gaba, ga kwana tana jira a ƙasa. Labari ya game gari. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin rassan suna leƙe, yawunsu na tsinkewa. Ba wanda ya ɗaga ko reshe.

Sai ga abin da ba a shirya masa ba. Wata safiya a ƙarshen sanyi, kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya fashe. Ya sunkuya zai kwashe, hannun ya ƙi zuwa. Marnie ta dubi bakinsa ta ga ya ɗan karkace, ba ta tsaya jin ra'ayinsa ba ta tura shi mota. Likita ya ce ƙaramar shanyewar jiki ce, ya auna arziki. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo, hannu ma ya dawo, ban da manuniya da yatsan tsakiya. Suna lanƙwasuwa, amma a makare, kuma ba ya jin yawan ƙarfin da ya sa. Ya sa Marnie ta yi masa alkawarin ba za ta gaya wa kowa a dutsen ba. Ya zura safar hannu, ya ce wa mutane mura ce ta kwantar da shi.

Da ya ji ƙwari sai ya ɗauki keke ya tafi wata tsohuwar turba shi kaɗai, wadda yake iya bi ido rufe. A gangaren farko ya ja birkin gaba, keken ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙara ja, birkin ya kama gaba ɗaya, ya saki a firgice, keken ya kwasa da shi. Rungume da wata bishiya ya tsinci kansa. Ya daɗe a nan, goshinsa a jikin ɓawo. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar guguwar teku. Ya turo keken da ƙafa har gida.

Daga ranar turbar ta ƙi ƙarewa. An gama gada, an share falale, an ɗaure kwana da duwatsu, amma kullum Lorne da sabon aibi. Yau magudanar ruwa ba ta yi zurfi ba. Gobe faskaren tsakiya na da ido, sai an ɓanɓare. Ya tone abin da ya binne, ya binne abin da ya tone. Ya ɗauke wani ƙaton dutse daga dama ya kai hagu, aka kwana biyu ya mai da shi. Rani ya shigo, ƙasa ta yi daɗin hawa, jama'a na sheƙe ayarsu a sauran turbobi, shi yana can yana faɗa da tsakuwa. In ya fito filin ajiye motoci da yamma, masu shan giya a bayan akori-kura su yi masa caa.

"Lorne, turba kake ginawa ko fadar sarauniya?"

"A bari jikokinmu su hau, mu dai mun haƙura!"

Da can da ya mayar musu da martanin da zai sa su ƙware. Yanzu sai ya ja tsaki ya wuce da sauri, hannun hagu a aljihu. Ya rame, ya ƙara masifa. A gida ma bai bar Marnie ta huta ba. Ya kwance ƙofar gareji ya sake ɗaurawa, ya sauya wa kujerun falo wuri, ya aske shingen maƙwabci ba a sa shi ba.

Parveen Dhillon ce ta gaji ta bi shi har cikin kurmi. Nas ce, ita ce kuma shugabar ƙungiyar masu gyaran turba, mace mai sanyin magana wadda ba a taka ta. Tsakaninta da Lorne akwai tsohon miki. Shekarun baya, tana sabon shiga, ta ƙarar da rani guda tana gina wata doguwar gada, kyakkyawa, kowa ya yaba. Ranar buɗewa, da ta zo bakin gadar sai ta kasa hawa. Ta roƙi a bar Tam ya fara, ita ta biyo baya. Lorne ya zaro ƙarfen cire ƙusa daga jakarsa ya miƙa mata a gaban kowa. Tana kuka tana ɓanɓara har yamma. Ba ta daina gini ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba.

Ta same shi a durƙushe yana kankare falalen da burushin ƙarfe.

"Lorne, ka wanke dutsen nan har ya fi banɗakina tsabta."

"Akwai saura."

"Hukuma ta kira ni. In ba a buɗe kafin ruwa ya kankama ba, izini ya ƙare, kuma duk katakon da ba a gwada ba za su turo a sare shi. Har gadar."

Ya miƙe, ya je ƙarshen falalen, ya dawo, ya sake komawa. "Su zo su sare mana! 'Yan ofis. Wanne ne a cikinsu ya taɓa riƙe guduma?"

"Ba da su nake ba, da kai nake. Yaushe za ka hau?"

"In ta kammala."

Ta dubi hannun da ya cusa a aljihu, ta ɗauke kai. Nas ce fa, ba yau ta fara ganin irin wannan ba. "Ka san ba dole sai kai za ka fara ba. Zamani ya sake, ba wanda zai ce komai."

Kai, da ba ta faɗa ba. Ya yi wurgi da burushin cikin kwari. "Ni za ki yi wa sadaka? Ni? Tun kina cikin tsumma nake hawan dutsen nan!"

"To, ka dai ji abin da ya kawo ni," in ji ta, ta juya abinta.

A gida Marnie ta dafa masa perogi, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, irin na mahaifiyarsa, da soyayyar albasa da kirim mai tsami, ta ce yau sai ya zauna ya ci. Ya ɗosana a bakin kujera.

"Ka gaya musu kawai, Lorne. Ciwo ne, ba sata ka yi ba."

"In ce me? In ce dokar ta kowa ce ban da ni?"

"Ka ce hannunka ya ƙi, Parveen ta hau maka."

"Parveen!" Ya ajiye cokali. "Marnie, ni na miƙa wa matar nan ƙarfe. Ina tsaye a kanta har ta cire ƙusar ƙarshe."

"Ai ina wurin. Ka manta gabar da na yi da kai a kai?"

"To kin gani."

"Na gani. Girman kai ne zai kashe ka, ba hannu ba."

Ya ɗauki farantinsa ya tafi gareji.

Duk tsawon ranin nan yana ta kai wa Tam keke, wai birkin gaba ba ya kamawa. Tam ya sake mai, ya sake faifai, ya sake mariƙin gaba ɗaya, Lorne ya dawo ya ce har yanzu. Ranar da ya sake turo shi, Tam ya goge hannu da tsumma, ya je ya rufe ƙofar shago.

"Zo nan, tsohon banza." Ya miƙa masa ɗan yatsansa mai baƙin mai. "Ga birki. Ja."

"Kai Baibai, ba ni da lokacin shashanci."

"Ja na ce. Da hagu."

Lorne ya kalli ƙofa, ya kalli rufi. Can ya cire safar, ya ɗora manuniyarsa a kan yatsan Tam ya ja. Shiru. Sai da aka ɗan jima ta lanƙwashe, a sanyaye kamar ta jinjiri.

Tam bai ce sannu ba, ya san in ya faɗa sai an yi dambe. Ya ja hanci ya ce, "Wato wata da watanni kana ɓata mini suna a gari, wai ban iya gyaran birki ba, ashe direban ne ya lalace." Ya ɗaga keken ya rataye. "Dama fa?"

"Dama lafiyarta ƙalau."

"To yau zan mai da kai cikakken mutum."

Lorne ya ga ya fara kwance igiyoyin birkin biyu, nan take ya gane. "Kada ka soma! Ni za ka yi wa baibai?"

"Hannun kirki ɗaya gare ka, birkin kirki ɗaya ne a keke. In haɗa su, ko in bar ka ka ci gaba da yi wa duwatsu wanka?"

Lorne ya yi ta zagaya shagon yana taɓa kayan mutane har Tam ya gama, ya naɗa jan salatif a mariƙin dama. Sannan Tam ya riƙe keken bai saki ba, fuskarsa ba wasa.

"Saurara, Lorne. Kanka zai gane yau. Amma hannun nan tun kana saurayi ya san dama baya ce, ran da ka firgita ba zai tsaya shawara da kai ba. Ka bari sai baɗi."

"Baɗi babu gada."

"Gada itace ce, a sake wata."

"Ba ni kekena."

Abin kunya, abin dariya. Ga Lorne Kowalchuk a filin makarantar firamare yana zagaye kamar ɗan koyo, yana gunaguni, "Dama gaba, dama gaba." Daga nan ya koma hanyar tsakuwa, daga nan ƙananan turbobi, da sassafe kafin mutane su fito. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Sannu a hankali abin ya fara zama. Yatsan dama na ji, yana lallashi, keke na saurare. Ranar da ya sauko tsohuwar turbar nan ya wuce bishiyar da ya runguma, ihu ya kwarara shi kaɗai a daji. Ya iso gida ya ɗaga Marnie sama cak. Ita ba ta yi dariya ba. Gajimare ya riga ya fara taruwa a kan teku, kuma kafin ta ce wani abu ya kira Parveen ya ce mata ranar Asabar.

Asabar ta zo da yayyafi. Mutane suka cika bakin turbar, tsofaffin hannu da sababbi, wasu da kofi, wasu da kwalin donat, karnuka na ta shawagi tsakanin tayoyi. Marnie, wadda rabonta da dutsen an jima, ta zo da laima ta gangara tare da masu kallo zuwa gindin falalen. Tam ya dafa kafaɗar Lorne.

"Wanne ne gaba?"

"Tumbinka ne gaba."

Lorne ya janye rassan da kansa, ya ɗaure hular kwano, ya hau.

Wayyo, turbar ta yi kyau! Shi da ya gina ta bai san ta kai haka ba, don da ƙafa ya san ta. Kwana na miƙa shi ga kwana, jar ƙasa mai laushi na riƙe taya, saiwoyi na shigewa ƙarƙashinsa. Ya manta da hannu, ya manta da jama'a, ya ji daɗin da rabonsa da shi tun kafin kofin nan ya fashe. Sai ga gadar. Ya kafa ido a ƙarshenta bai dubi kwarin ba, ya bi ta tsakiya sak, ya ji ihun mutane daga ƙasa. Ya zo bakin falalen, ya ja jiki baya, ya ɗora yatsa a kan jan salatif. Dama gaba. Keken ya sunkuyar da kai ya fara sauka a hankali, yadda ake so, har ya wuce rabi.

A nan dutsen ya jiƙe sosai. Keken ya ɗan ƙara gudu, kwana ta taso masa da wuri. Ba wani abu ba ne, ya sha ganin irinsa: a cafki birkin baya, taya ta ja ƙasa ta juyo da keke cikin kwana, a wuce. Gabansa ya faɗi, kuma kafin ya yi tunani hannun dama ya riga ya yi abin da ya saba. Ya cafke.

Tayar gaba ta tsaya cak. Mutane suka ga ƙafafu a sama, keke a bisa mutum, sannan wani tim a cikin ciyayin gefen kwana.

Parveen ce ta fara isa. Ta durƙusa ta riƙe kansa da hannu biyu. "Kada ka motsa. Motsa mini yatsun ƙafa. Yawwa. Kada ka juya wuya na ce!" Kafaɗar dama ta karye, kowa na gani. Wani ya kira masu ceto. Marnie ta tsuguna ta kare masa fuska da laima. Sauran suka yi cirko-cirko, ba mai kallon wani. Kowa ya san abin da doka ta ce, kowa kuma ya san wanda ya fi kowa faɗinta.

Sai suka fara nema masa mafita. Wani ya ce ai yayyafin ne, bai kamata a sa na yau a lissafi ba. Wata ta rantse ta ga ganye a kan falalen. Tam ya iso yana haki, ya ce, "Laifina ne, jama'a. Ni na taɓa masa birki, na ɗaure shi da yawa."

"Rufe mana baki, Baibai," in ji Lorne, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Birki lafiyarsa ƙalau. Dutse ma lafiyarsa ƙalau. Ba abin da ya rage a turbar nan tun farkon rani." Ya kai hannun hagu baki, ya ja safar da haƙori, ya ɗaga shi inda kowa zai gani, ya yi ƙoƙarin dunƙulewa. Yatsu biyu suka tsaya a hanya. "Ni ne. Ba zan iya hawanta ba. Yau ban iya ba, baɗi ma ba zan iya ba."

Ruwa na ɗiga daga bakin laima. Kowane faskare a gadar nan Lorne ya san gungumen da ya fito, ya san ranar da ya ɗauko shi a kafaɗa. Bakinsa ba zai iya cewa a sare ba. Ya kuma san in ya yi shiru sarewar za a yi, don ba mai taka dokar a gabansa yana kwance.

"Parveen."

"Ina ji. Daina motsi."

"Ki hau."

Ta daɗe tana kallonsa, fuskarta a juye a samansa. "Ba ni na gina ba, Lorne."

Maganar ta fi karayar zafi, kuma ya san shi ya saya. "Na sani. Ba umarni nake ba ki ba. Roƙonki nake."

"Tawa gadar ma lafiyarta ƙalau, ka sani?"

"Na sani tun ranar."

Ta ja dogon numfashi. Ta karɓi laimar daga hannun Marnie ta miƙa wa Tam, ta kama hannuwan Marnie ta ɗora su a gefen kansa, ta nuna mata yadda za ta riƙe, ta ce in ya motsa ta mare shi. Sannan ta ɗauki kekenta ta fara turawa sama.

Jiran ya yi tsawo. An hana shi juya wuya, ba ya ganin komai sai cikin laima da haɓar matarsa. Can sai ya ji ta. Taya a kan faskare, darrr, daga wancan ƙarshen zuwa wannan, ba gargada. Sautin ya yanke. Sai ɗan kukan birki a kan dutse, a hankali, a hankali. Iska ta wuce ta gefensa, taɓo ya fantsamo masa a gemu, kurmin ya ɗauki ihu.

"Ta wuce?"

"Ta wuce," in ji Marnie.

"Ta sa ƙafa?"

"Ba ta sa ba."

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido suna shiga kunne, bai kuma yi ƙoƙarin sharewa ba.

"Baibai."

"Ga ni, tsoho."

"Me suke tsaye suna kallona? Ce musu an buɗe."